Halin Balaraba

A shekarar da aka fara haƙa harsashin masaƙa a Kakuri ina da shekara tara, ƙanwata Balaraba tana da bakwai. Muna zaune a Makera, a wani gidan haya mai ɗaki shida, rufin kwano, da rijiya a tsakar gida. Ɗaki biyu ne namu. Ɗaya na Baba da Inna, ɗaya na Kaka, mahaifiyar Baba, inda mu yara muke kwana. Sauran ɗakunan ma'aikatan jirgin ƙasa ne a ciki, sai wani makanike Ibo da matarsa, Mama Nkechi, mai tuyar ƙosai a bakin titi.

Baba maƙeri ne. Rumfarsa tana ƙarshen layinmu, kuma tun daga hantsi har la'asar ƙarar masabarsa ce agogon unguwa. Idan ta yi shiru, mata sun san lokacin ɗora tuwo ya yi.

A ƙofar ɗakin Kaka akwai 'yar rumfa ta tsohon kwano, da murhu na duwatsu uku a ƙarƙashinta. Nan muke taruwa idan an ci tuwo, tsakanin magariba da isha'i, har da 'ya'yan Mama Nkechi biyu. Da damina Kaka takan jera masara a bakin garwashi, kwaɗi suna ta kuka daga fadama, jirgin yamma yana busa can wajen gada. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara zama, ta tura itace, ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofar gida, ƙafarta duk taɓo."

Mu haɗa baki, "Ta shigo mu ba ta ruwa!"

A bakin murhun nan na fara jin ana raba mutane kashi-kashi. Kaka ta ce mutane iri uku ne, kamar abin hura wuta. Akwai kara, mai kamawa nan take, harshensa har sama, kafin ka waiwaya ya zama toka. Akwai kirya, mai wuyar kamawa, amma in ya kama garwashinsa sai ya kai asuba. Akwai kuma ɗanyen itace, ba abin da yake bayarwa sai hayaƙi da hawaye. Shi ba mugu ba ne, in ji ta, lokacinsa ne bai yi ba.

"Ni fa, Kaka?" na tambaye ta wata rana.

"Kai ai kara ne, maigida, karan ma na gero. Ubanka kirya ne."

"Balaraba fa?"

Ta dubi yarinyar, wadda kullum take zama daf da gwiwarta, tana kallon bakin Kaka. Kaka ta shafa mata kai. "Wannan ɗanya ce. A bar min ita ta bushe."

Da ba haka Balaraba take ba. Kafin ta kai shekara biyar ana kiranta aku, saboda surutu. Sai ƙyanda ta shigo unguwa da bazara, ta ɗauke yara uku a layinmu kaɗai. Balaraba ta kwanta mako uku, ta tashi, muka gode wa Allah. Bayan haka kunnuwanta suka yi ta zubar da ruwa wata da watanni. Inna ta riƙa ɗiga mata man shanu tana toshewa da auduga, har ruwan ya tsaya. Da ya tsaya kowa ya manta da shi.

A hankali yarinya ta canja. A kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, sai an daka mata tsawa. A aike ta sayen kuka ta dawo da kuɓewa. Ta daina shiga wasan 'yan mata, sai ta zauna gefe tana kallo. Wani lokaci kuma, idan kana gabanta, ka yi mata magana a hankali ta amsa maka sarai. Wannan shi ya fi ɓata wa manya rai, don ya nuna musu cewa tana amsawa idan ta ga dama. Maganar da ta fi yawa a gidanmu a shekarun nan ita ce, "Yarinyar nan ba ta ji." Kowa ya faɗe ta, har ni. Babu wanda ya tsaya ya saurari abin da bakinsa yake faɗa.

Kowa kuwa yana da bayaninsa.

Inna ta ce ranar haihuwa ce. A wurinta kwanakin mako bakwai ne, halin mutane ma bakwai. Ɗan Juma'a mai kunya ne da farin jini, ɗan Talata mai saurin fushi, 'yar Asabar mai riƙo. 'Yar Laraba kuwa, in ji ta, kanta kamar dutsen niƙa yake, tana ƙarama ba a ganewa, sai ta fara wayo. Ita Inna tana da yaya 'yar Laraba a ƙauye, haka take. Ga Inna wannan ba abin magani ba ne. Ba a canja wa mutum ranar da ya zo duniya, sai dai a yi haƙuri da shi.

Baba ya kai maganar wurin Malam Tanko, malamin da yake koya mana karatu da safe, wanda kuma ya san hisabi. Ina riƙe da allona a gefe lokacin da Malam ya share ƙasa da tafin hannu, ya haɗa harufan sunan yanka na Balaraba da na Inna, ya yi ta ɗebewa da huɗu-huɗu. Ya ce Allah ya gina ɗan Adam da abu huɗu, wuta da iska da ruwa da ƙasa, kuma a jikin kowa ɗaya yakan rinjayi sauran. Mai wuta zafin rai, mai iska fara'a da rashin tsayawa wuri ɗaya, mai ruwa sanyin jiki da kawaici. Ita kuwa ƙasa ce ta rinjaye ta, sanyi da bushewa, shi ya sa take da nauyin baki da yawan tunani. Ya yi mata rubutun sha, ya ce a riƙa ba ta zuma da citta da kanumfari don a ɗumama jikinta. Mutumin kirki ne. Shi ne ma ya ce wa Baba, "Ban da yawan duka, Malam Ɗanjuma. Ƙasa ba ta laushi da duka."

Mama Nkechi tana da nata. Wata rana da Inna take tsinka mata ganyen albasa, ta rage murya ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Maman Isa, a coci an hana mu wannan magana, amma tsofaffin garinmu suna faɗi. Wani yaro ba sabo ba ne, tsoho ne ya dawo. Ki duba idon Balaraba. Wannan ba idon yaro ba ne. Babbar mace ce, ba ta son a yi mata ihu." Inna ta yi a'uziyya, ta ce wanda ya mutu ba ya dawowa. Mama Nkechi ta ɗaga kafaɗa. Amma tun daga ranar, idan za ta ba yara ƙosai, sai ta zagayo gaban Balaraba, ta ɗan rusuna, ta ce, "Mama, ga naki." Balaraba kuwa ba ta taɓa ƙin amsa mata ba.

Baba shi jini ya gani. Mahaifinsa ya yi shekara goma sha ɗaya bai yi magana da ƙanensa ba a kan iyakar gona, har ya mutu. Baba ya tashi yana tsoron wannan hali, yana nemansa a jikinsa da jikin 'ya'yansa. Da ya ga alamarsa a Balaraba sai ya ɗaura niyyar fitar da shi tun tana ƙarama. Ba mugun uba ba ne. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana miƙe karkataccen ƙarfe da masaba, kuma hanyar da ya sani ke nan.

Haka aka yi shekara biyu. Inna tana haƙuri, Malam yana rubutu, Kaka tana jira, Baba yana duka.

Sai ranar da ƙaninmu Sani ya ƙone. Yana rarrafe lokacin, bai cika shekara ba. Inna ta sauke tukunyar ruwan zafi ta shiga makewayi, ta bar shi a tabarma. Ta saman zana ta hango shi ya nufi tukunyar. Balaraba tana bakin rijiya tana wanke kwanuka, taku biyar tsakaninsu, ta ba shi baya. Inna ta ƙwala mata kira. Ta sake ƙwalawa har muryarta ta tsage. Yarinya ba ta ɗago ba, tana ta cuɗa kwano da toka. Sai da Mama Nkechi ta wuce ta gefenta a guje sannan ta waiwaya, lokacin Sani ya riga ya tsoma hannu. Yatsunsa biyu na dama a manne suka warke, haka ya girma da su.

Ba na son tuna dukan da Baba ya yi mata a yammacin nan. Abin da ban manta ba shi ne abin da take faɗa tana kare kanta da hannuwa: "Ban ji ba, Baba! Wallahi ban ji ba!"

"Ai na sani ba kya ji," in ji shi. "Yau za ki fara."

Ko Inna ba ta hana shi ba. Da ya gama ya ce ranar Lahadi mai zuwa zai sa ta a jirgi zuwa ƙauyenmu, can gabas da Zariya, wurin yayarsa mai zafin hannu, ta zauna har ta yi hankali. Ba wanda ya ce a'a. Ni a raina ma daɗi na ji, don tabarmar za ta zama tawa ni kaɗai.

Kwana uku kafin Lahadin aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Itace ya jiƙe, kananzir ya ƙare. Muka matsa wa Kaka sai ta yi mana tatsuniya, ta ce to, a yi ta a duhu. Murhu ba wuta sai ɗan jan garwashi a ƙarƙashin toka, ba ka ganin fuskar na kusa da kai. Ta buɗe, muka amsa, ta shiga labarin wata kura da ta je sayen takalmi. Mun yi nisa, muna ta dariya, kura har ta kai kasuwa ta biyu, sai muryar Balaraba ta fito daga duhun, da ƙarfi fiye da kima:

"Kaka, ki fara mana. Barci nake ji."

Muka fashe da dariya, har ɗan Mama Nkechi ya faɗi daga kan turmi. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen da muryar ta fito. Sannan ta ce baƙuwa ta gaji, ta kama hanya, kowa ya je ya kwanta. Ba ta taɓa yanke tatsuniya a tsakiya ba sai ranar.

Washegari ta wuni tana bin Balaraba da ido. Da yamma ruwa ya ɗauke. Ta samo busasshen itace a wurin maƙwabta, ta hura wuta sosai. Da Baba ya dawo daga masallaci zai wuce ɗakinsa, ta ce, "Ɗanjuma, zo ka zauna."

"Lafiya, Iya?"

"Tatsuniya zan yi."

Ya yi murmushi, ya ce ai ya wuce wannan tun kafin ya fara gemu.

"Ban tambaye ka ba. Zauna. Ke ma fito," ta ce da Inna.

Ta ɗauki ƙwaryar gyaɗa ta miƙa wa Balaraba, ta kama kafaɗunta ta juya ta, fuskarta na kallon bango, ta nuna mata da hannu ta ɓare. Yarinyar ta ɗauka wani horon ne. Ta sunkuyar da kai ta fara ɓara.

Kaka ta ce ga baƙuwa nan. Mu yara muka amsa a sanyaye, don mun ga fuskarta.

Ta ce an yi wani farke mai takarkari guda, sa ne fari mai haƙuri, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar masa gishiri daga gari zuwa gari. Wata rana, bayan sun ratsa wani daji, sai san ya fara karkata hagu. A miƙe shi a hanya, ya yi taku goma ya koma hagu. Farke ya kai shi wurin wata tsohuwa da ta san kwanaki. Ta tambayi ranar da aka haife shi, ta ce ai shanun wannan rana haka suke, sai haƙuri. Ya kai shi wurin wani masani, ya duba harshensa da idonsa, ya ce zafi ne ya yi masa yawa, a jiƙa masa tsamiya. Ya kai shi wurin makiyayi, ya dubi ƙahonsa ya ce ya san garken da ya fito, kakansa ma da taurin kai ya mutu. Uwar farken kuma, da take zaune a gida, ta ce ƙuruciya ce, a ƙyale shi zai daina.

"Kowa ya faɗi abin da ya sani," in ji Kaka, "kuma ba wanda ya yi ƙarya da gangan."

Farke ya ba shi tsamiya, ya yi haƙuri, ya jira. Da ya gaji ya yanko sanda. Ya doke shi a hanyar zuwa, ya doke shi a hanyar dawowa, har bayan san ya zama duk tabo. Sa bai daina karkata ba. A ƙarshe ya ja shi ya kai wa mahauci. Da la'asar yana zaune a ƙofar gida sai ga mahaucin da wani abu a tafin hannunsa. Ƙaya ce, tsawon ɗan yatsa, baƙa ƙirin. Ya ce a cikin kofaton hagu ya same ta, nama ya rufe ta ruf. Ya ce, "Wannan dabba ta yi shekara biyu tana tafiya a kan wannan, da kayanka a bayanta. Ba wanda ya ɗaga ƙafarta ya duba?"

Kaka ta tsaya nan. Ba ta ce baƙuwa ta tafi ba. Ta dubi Baba ta ce, "Kira 'yarka. Kada ka ɗaga murya. Kira ta yadda kake kiranta tana goye."

Baba ya dube ta, ya dubi bayan yarinyar. Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Ya ce, "Balaraba."

Ƙas, ƙas, gyaɗa tana faɗawa cikin ƙwarya.

"Balaraba, zo ki karɓi masara." Ya ɗan ƙara murya.

Ba ta motsa ba.

"Na fasa kai ki ƙauye. Kin ji? Ba inda za ki."

A nan Inna ta toshe bakinta da gefen zane. Duk wanda ya san yadda yarinyar ta kwana uku tana kuka a kan tafiyar nan ya san babu taurin kan da zai hana ta juyowa. Baba ya miƙe tsaye. Ina jin bai san lokacin da muryarsa ta ƙwace masa ba, ya daka kiran da ya saba: "Balaraba!"

Ƙwaryar ta faɗi, gyaɗa ta watse. Ba ta ko waiwaya ba. Ta dunƙule, ta rufe kanta da hannu biyu, tana jiran saukar duka.

Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, kuma ranar ma ban ga hawaye ba. Ya zauna a ƙasa, a cikin taɓo, da farar rigarsa ta masallaci. Kaka ta ce, a hankali, "Uwar farken nan ni ce. Shekara biyu yarinya tana kama haɓata tana juyo da fuskata in na kalli wuta, ina cewa ƙauna ce. Ashe bakina take karantawa."

Ranar Litinin Baba bai buɗe rumfa ba. Ya ɗora Balaraba a keke suka haye gada zuwa asibiti. Likitan ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya yi magana, tafinta ya fassara. Na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan, shi ma tafiya yake. Da an kawo ta lokacin da suke zubar da ruwa, da wataƙila an ceci wani abu. Kafin ta cika shekara goma sauran ma ya tafi.

Ba a kai ta ƙauye ba. Baba bai sake ɗaga hannu a kan ɗayanmu ba har ya bar duniya. Ya ƙera mata 'yan kwanukan wasa da ƙaramin murhu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya, amma ba ta taɓa zama kusa da shi da son ranta ba, kuma yana gani. Inna ta daina zancen kwanaki. Malam Tanko ya zo har gida ya ce lissafinsa bai nuna masa kunne ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kaka ta ci gaba da tatsuniya shekara biyu kafin rasuwarta, kullum da wuta mai haske, fuskarta a gefen da Balaraba take. Maganar kara da kirya kuwa ban sake jin ta a bakinta ba.

Na girma na zama malamin makaranta. A kwalejin horon malamai aka koya mana rabe-raben hali daga littattafan Turawa. Na yi mamaki da na ga nasu ma huɗu ne, mai zafin rai da mai fara'a da mai sanyin jiki da mai yawan tunani, kusan daidai da abin da Malam Tanko ya zana a ƙasa. Wani littafin ya ce biyu ne, mai son jama'a da mai son kaɗaici. Daga baya aka zo da takardun tambayoyi, ka cika a gaya maka ko kai wane ne. Ban raina ko ɗaya ba. Na yi shekara talatin da wani abu a aji, na ga yara masu kama da wuta da masu kama da ruwa, kuma sanin haka ya sha taimakona. Na Inna yana koya haƙuri, na Malam yana sa a nemi gyara, na Kaka yana hana gaggawa. Na Mama Nkechi, wanda muka fi ƙi, shi ya fi yi wa yarinyar amfani, don ya sa ana girmama ta. Amma dukansu suna da haɗari guda. Da zarar ka sami sunan da za ka kira halin mutum, sai hankalinka ya kwanta, ka daina dubansa. Da ba mu da bayani ko ɗaya, da wataƙila damuwa ta sa mun duba kunnenta tun a watan farko.

Balaraba ta auri wani tela, mutum mai sanyin hali, suka zauna a Unguwar Mu'azu, ta haifi shida. Bayan na yi ritaya nakan je wurinta duk Juma'a. Wata rana na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na zauna a gabanta inda za ta ga bakina, na yi mata tambayar da na yi shekara hamsin ina ɗauke da ita. Na ce a shekaru biyun nan, ita me take tsammani yana faruwa?

Ta ɗan yi tunani. Muryarta ta riga ta zama irin ta wanda ya daɗe bai ji kansa ba, tana hawa tana sauka.

"Na ɗauka kun daina sona ne, kuka koma yin raɗa don kada in ji," in ji ta. "Ban san kunne yana mutuwa ba. Ina ganin bakinku yana motsi, na ce to, sun haɗa kai." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ni ma ai na raba ku. Mutane iri biyu ne a wurina, har gobe. Akwai masu zuwa ta gabana, akwai masu zuwa ta bayana."

Akwai abin da ban faɗa ba tun farkon wannan labari. Ni na riga kowa sanin cewa ana iya zuwa bayan Balaraba ba ta sani ba. Na gano haka tun watannin farko, na mai da shi wasa. Nakan taho da gudu, ba ma sanɗa ba, in dafa ta ta firgita, in yi ta dariya. Har yaran layi na koya wa. Sau ɗari na ga hujjar da idona, ban taɓa tambayar kaina dalili ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Na ce, "Ni fa, a wane kashi kika sa ni?"

Ta daɗe tana kallon bakina, har na ɗauka ba ta gane ba, na buɗe baki zan maimaita. Sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Yaya Isa," ta ce, "kai yaro ne a lokacin."

Ta mai da idonta kan faranti ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Idan Balaraba ta sauke ido, magana ta ƙare, don ba ta inda za ta shiga. Na zauna a gabanta har aka kira la'asar.